Tambaya da Amsa: Eka uku na ciyawa, wace motar yanka zan saya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya, ya iyali ya aiki. Dan Allah shawara nake nema. Shekarata tara a jihar Ohayo ta Amurka, bara Allah ya hore mana muka sayi gida can bayan garin Kolombos, filin gidan eka uku ne da ɗan ɗoriya kuma kusan duk ciyawa ce. Lokacin da muka saya ni murna nake yara sun samu wajen guje-guje, ashe aiki na sayo wa kaina. Da ƙaramin injin turawa na fara, Asabar guda nake kashewa a kai kuma kafin in gama baya gaba ya sake tsirowa, sai na koma biyan masu yankan ciyawa duk sati, yanzu kuɗin ya fara yi min ciwo. So nake in sayi irin wadda ake hawa. Na je shago na ga masu sitiyari kamar ƙaramar tarakta, na ga kuma masu sanduna biyu da suke ce wa ziro-tan, kowane mai shago nashi yake yabo. Akwai bishiyoyi wajen ashirin a filin, sannan ta baya akwai gangare da ya sauka zuwa wani ɗan tafki. Wacce zan saya da ba za ta riƙa ba ni ciwon kai ba? Ni ba ma'abocin inji ba ne, ko fulogi ban taɓa canzawa ba.
Mai karatu daga Ohayo

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sanya albarka a gidan, ya sa a daɗe ana mora. Wallahi na yi dariya da na karanta wasiƙarka, don a gida mutum da eka uku na ɗanyar ciyawa ai mai arziki ne, masu kiwo ne za su riƙa yi masa sallama da lauje da buhu, can kuwa kai za ka biya a yanke a zubar, in ka bari ta yi tsawo ma hukumar gari ko ƙungiyar masu gidajen unguwa su aiko maka da takarda. Ga masu karatu na gida da ba su saba lissafi da eka ba, eka ɗaya ta kai fuloti takwas da 'yan kai irin mai ƙafa 50 da 100, kenan filin malamin nan ya kai fuloti 26. Da injin turawa kam an sha wahala.

Kafin ka koma shago akwai aikin da za ka yi a gida, ka je ka auna gangaren nan na bayan gida. Shi ne zai yanke hukunci, ba mai shago ba. Wayarka ma tana iya aunawa, ka samu dogon katako ka kwantar a kan gangaren ka ɗora wayar a kai da manhajar auna karkata, ko kuma ka yi na gargajiya, in a cikin kowace ƙafa 10 ƙasa ta sauka fiye da ƙafa biyu da rabi toh ka kai wajen digiri 15, kuma digiri 15 ɗin nan ita ce iyakar da kusan duk kamfanonin suke rubutawa a littafin motar cewa kar a wuce. Dalilin da ya sa na fara da wannan shi ne yadda aka ƙera ziro-tan ɗin. Ba ta da sitiyari, tayoyin gaba ƙanana ne masu juyawa yadda suka ga dama kamar na kujerar ofis, duk tuƙin a tayoyin baya yake, kowace taya da giyabos ɗinta mai aiki da mai, ka tura sandar dama tayar dama ta tafi, ka tura ɗaya gaba ka ja ɗaya baya motar ta juya a inda take tsaye. A fili shimfiɗaɗɗe mai bishiyoyi wannan daɗi ne, za ka zagaye bishiya ashirin ɗin nan ba ja da baya ba komai. Amma a gangare, musamman da safe ciyawa da raɓa ko bayan ruwa, da zarar tayoyin baya sun fara santsi ba ka da tuƙi ba ka da tsayawa, motar sai inda nauyinta ya kai ta, kai kuma ka ce ƙarshen gangaren tafki ne. Ana rasa rai a haka, ba zance ba ne. Don haka ko wacce ka saya, bakin tafkin nan ka bar masa tazara kamar faɗin motar sau biyu, ka gama wajen da tsohon injin turawarka ko ma ka bar shi ya yi duhuwa abinsa.

Toh in ka auna ka ga gangaren ɗan kaɗan ne a gefe, mafi yawan filin a baje yake, ni ziro-tan zan ce ka saya. Lissafin mai sauƙi ne. Ƙaramar tarakta mai faɗin yanka inci 42 da ke tafiyar mil huɗu da rabi a awa za ta ci kamar eka ɗaya da rabi a awa, eka ukunka awa biyu kenan, da zagayen bishiyoyi ya fi haka. Ziro-tan mai inci 52 ko 54 a mil shida da rabi tana dab da eka uku a awa, ka ce awa ɗaya da 'yan mintuna ka gama ka shiga wanka. A Ohayo daga Afrilu zuwa Oktoba ake yanka, kusan duk sati, kaga awannin da za ka tsira da su a shekara ba kaɗan ba ne. Kar ka kwaɗaitu da mai inci 60 sai ka auna ƙofar shingenka da ta garejinka da tsakanin bishiyoyin da suka fi kusa da juna, kuma faffaɗan kwano in ƙasa tana da tudu da kwari aske ciyawar yake yi har ƙasa a wasu wuraren.

In kuwa gangaren ya ɗauki kaso mai yawa na filin, ko kana son motar ta riƙa ja maka 'yar amalanke ta itace da taki, ta ture maka dusar ƙanƙara daga hanyar gareji da hunturu, toh mai sitiyari ce taka, amma babbar, ba 'yar ƙaramar da ake jerawa a bakin manyan shagunan kayan gini ba. Irin ajin X500 na John Deere misali, suna da abin takawa da ke kulle tayoyin baya su ja tare in ɗaya ta fara santsi. Da ita ma gangare sama da ƙasa ake binsa, ba a yanke shi ta gefe.

Yanzu maganar ƙarko, wadda ita ce ainihin tambayarka, kuma nan ne mutanenmu suka fi faɗawa. Mu dai mun saba da tambayar wane kamfani ne, sai mu kalli fenti da manyan lambobin ƙarfin doki da aka liƙa a jiki, 24, 25, 26. Gaskiya wannan lambar ba ta cika gaya maka komai ba. Yawancin kamfanonin nan ba su ke ƙera injin ba, ba su ke ƙera giyabos ba, sayowa suke su haɗa. Inji za ka tarar ko Kawasaki ne ko Kohler ko Briggs & Stratton, giyabos kuma ko Hydro-Gear ko Tuff Torq. Su kansu sunayen sun shiga cikin juna, Hustler da suka fara fito da ziro-tan mai sanduna biyu a 1964 a Kansas, da Cub Cadet da Troy-Bilt, a 2021 duk suka koma hannun Stanley Black & Decker, Exmark na Toro ne, Gravely na Ariens ne. Kamfani ɗaya zai yi maka mai arha da mai tsada da fenti iri ɗaya, bambancin yana ƙarƙashin kujera inda ba ka leƙawa.

Ka leƙa. Abin da ya fi saurin kashe waɗannan motocin a babban fili giyabos ne, ba inji ba, inji in kana canza masa baƙin mai zai daɗe yana yi maka aiki. A ziro-tan masu arha za ka ga an rubuta EZT ko ZT-2200, wannan a rufe yake ruf, ba filta ba wajen juye mai cikin sauƙi, an yi shi ne don ƙaramin fili kuma a can lafiya lau yake aiki, amma a eka uku da zafin Yuli man ciki yana gajiya, wata rana ka ji in ta ɗau zafi gefe ɗaya ya daina ja sosai tana karkata. Kai ka nemi ZT-2800 ko ZT-3100, su suna da filta ana canza musu mai, na farko bayan awa 75 zuwa 100, daga nan duk awa 400. A masu sitiyari kuma ƙaramin giyabos shi ne K46, ba a yi shi don hawan tudu da jan kaya ba, ka nemi K66 zuwa sama. Ni kaina na taɓa cin wannan kwandon, shekarun baya na sayi wata mai sitiyari don ta yi arha kuma jikinta na sheƙi, na riƙa jan itace da ita ina hawa wani ɗan tudu, a damina ta huɗu ta fara tsayawa a tsakiyar tudun inji na kuka mota ba ta motsi, da aka faɗa min kuɗin sabon giyabos da kuɗin aiki sai na ga ya kusa rabin kuɗin motar. Laifina ne, na sa jaki aikin raƙumi.

Sai kwanon da wuƙaƙe ke ciki, wanda suke ce wa dek. Akwai wanda aka buga daga falle ɗaya na ƙarfe, akwai wanda aka yanka ƙarafa masu kauri aka yi musu walda. Na bugun ba laifi gare shi ba, yana ma yanka da kyau, amma mai bishiya ashirin ba zai rasa gogar saiwa da kututture ba, na waldan ya fi jure duka. Kaurin ƙarfen da geji suke faɗa, kuma a juye yake, ƙaramar lamba ita ce mai kauri, geji 10 ya fi geji 13 kauri, geji 7 kuma na 'yan kwangila ne. Geji 10 ko 11 ya ishe ka. Inji kuma mai silinda biyu, ni na fi natsuwa da Kawasaki ajin FR, amma Kohler ma ba zan hana ka ba. In ka haɗa waɗannan za ka ga ka faɗa ajin su Ariens Apex, Gravely ZT HD, Hustler Raptor XD, Scag Liberty Z da makamantansu, kuɗinsu ya ɗara na bakin shago sosai, ka shirya wa wajen dala dubu biyar zuwa bakwai, sai dai kamfanoni suna canza kayan ciki daga shekara zuwa shekara, don haka takardar bayanin motar za ka karanta ba sunan ba. Wadda ta zo da ƙarfen kariya na bayan kujera da bel ɗin ɗaurawa ta fi, in ka ɗaga ƙarfen ka ɗaura bel.

Amma duk wannan bayanin, tunda ka ce ko fulogi ba ka taɓa canzawa ba, abin da ya fi maka muhimmanci shi ne wa zai gyara. Ka hau mota ka zagaya cikin mil 15 ko 20 daga gidanka ka ga dilolin da ke akwai, masu shago da gareji a baya da bakanike a ciki, ba babban kanti da za su sayar maka su ce ka kira lambar kamfani ba. Ka tambaye su kai tsaye, in ta lalace a watan Mayu kwana nawa take yi a wajenku, kuna zuwa ɗauka, nawa ne kuɗin ɗauka, bel da wuƙa da boris suna nan a kan kanta ko sai an yi oda, garantin shekara nawa ne ko awa nawa. Watan Mayu na ce da gangan, lokacin ne kowa ke kai tashi kuma lokacin ne ciyawa ke hauka, sati uku ba mota filinka ya zama daji. Dilan da ya amsa maka da kyau kuma ya yarda ka hau ka gwada, motarsa za ka saya, ko da sunanta bai kai na wancan tashe ba. Ka zauna a kujerar sosai ka ji, awa guda kana jijjiga a kan ƙasa mai gargada bayanka ne zai biya.

Kulawar da ta rage taka ce kuma ba ta da yawa. Baƙin mai da filta sau ɗaya a shekara ko yadda littafin ya ce, wasa wuƙaƙe kamar duk awa 25, kankare ciyawar da ta manne a ƙarƙashin kwano don ita ke kawo tsatsa, kar ka yanke fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ciyawar a lokaci guda. Babban abin shi ne fetur. Fetur ɗin Amurka yawanci da etanol kashi 10 a ciki, in ya kwana a tanki tun Nuwamba har Afrilu yana jan ruwa yana daskarewa a kafireta, sai ka zo tayarwa ta ƙi, da yawa daga cikin motocin da ake kaiwa gareji farkon kakar yanka wannan ne ciwonsu. Ka zuba maganin adana fetur kafin ka ajiye ta, kuma kar ka kuskura ka sa mata E15, wato mai etanol kashi 15, don ya fi arha a famfo. Masu batir irin su EGO Z6 sun huta da duk wannan kuma ba ƙara, amma a eka uku da ciyawa mai kauri cajin na iya ƙarewa kafin ka gama, batiran kuma in sun tsufa canjinsu kuɗi ne mai nauyi, ni dai a filinka ban kai ga ba da shawararsu ba tukuna.

Na ga ka ambaci yara. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce sai yaro ya kai 16 zai tuƙa irin wannan, na turawa kuma 12, sannan ba a ɗora yaro a cinya ana yanka. Yaron da ya saba a ɗauke shi shi ne zai biyo ka ta baya da gudu ba ka ji ba saboda ƙarar inji. In za ka yi yanka su shiga ciki.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ke kula da harabar wata makarantar kwana mai zaman kanta a wajen Zariya, muna da filin ƙwallo da sauran fili da ya kusa hekta biyu. Duk damina sai mun ɗauki 'yan ƙwadago da adda da langa-langa, iyaye kuma sun hana a sa ɗalibai. Mai makarantar ya ga ziro-tan a bidiyo ya ce lallai ita za mu saya, akwai ma mai kawo na hannu daga waje. Mu saya?
Mai karatu daga Zariya

AMSA: Barka kadai Malam. Ka gaishe min da mai makaranta ka ce masa filin da ya gani a bidiyon ba irin naku ba ne. Waccan motar an yi ta ne don ciyawar da aka shuka a ƙasar da aka baje aka tsince duwatsu, ana yanka ta duk sati tana inci huɗu ko biyar. Naku kuwa na san shi ko ban je ba, gamba da tofa da suka kai ƙugu a watan Agusta, suri nan da can, guntun bulo da rodi da magina suka bari a cikin ciyawa, ga tsidau mai huda taya. Kwanon motar a ƙasa-ƙasa yake, wuƙaƙen da bel suke juyawa, dutse ɗaya ya isa ya lanƙwasa wuƙa ya fasa gidan boris, doguwar ciyawa kuma ta shaƙe ta bel ya ƙone. Injin kansa ba ya ba ni tsoro, mai gyaran janareta da ya san aikinsa zai iya da shi. Giyabos ɗin nan guda biyu su ne matsala, in ɗaya ya mutu ba abin da za ka shiga Panteka ko Ƙofar Ruwa ka ɗauko ba ne, oda ce da dala da jira, damina kuma ba ta jira.

Ni abin da zan yi da kuɗin, zan raba filin biyu. Babban dajin a yi hayar tarakta mai jan silasha, wato babban injin sare ciyawa da ake ɗaura mata a baya, ta bi shi sau biyu ko uku a damina, na ƙarshe a Oktoba kafin ciyawa ta bushe saboda gobara da macizai, sannan ku sayi injin rataye guda biyu ko uku, irin wanda ake saɓawa a kafaɗa, don gefen katanga da bayan ɗakunan kwana, kayan gyaransu suna kasuwa kuma in ɗaya ya tsaya aiki bai tsaya ba. Kafin ma a kai ga haka ku yi magana da masu kiwon da ke kusa, ciyawa a wajenmu kuɗi ce, akwai wanda zai zo da laujensa ya kwashe gamba kyauta har ya yi godiya. Filin ƙwallon shi kaɗai bai kai eka biyu ba, shi za a kashe wa kuɗi, a tsince duwatsu a rushe suri a baje a dasa kiri-kiri, in ya zauna toh ƙaramar tarakta mai sitiyari ta inci 42 ta ishe shi, giyabos ɗaya gare ta kuma kowa zai iya koyon tuƙinta a yini guda.

In mai makaranta ya kafe sai ziro-tan, toh ku sa wa mai kawowa sharaɗi, ya haɗo da bel biyu-biyu na kowane iri, wuƙaƙe saiti biyu, gidan boris ko da biyu, filtocin iska da na mai, duk a cikin ciniki. Ku duba agogon awa da ke jikinta, irin ta amfanin gida da ta haura awa 500 ta fara tsufa, ta 'yan kwangila tana kai dubu biyu in an kula da ita, wadda agogonta ya mutu kuwa ku ɗauka an ɓoye wani abu. Kar ku yarda da tayarwa a yi ta fakin-fakin minti biyu, a yi yanka da ita rabin awa ta ɗau zafi sosai sannan a tura sandunan biyu daidai a ga ko tana tafiya miƙe. Ku zaɓi mai babbar filtar iska irin ta gwangwani saboda ƙurarmu, fetur daga gidan mai ba na bumburutu ba, kuma mutum ɗaya tak a ba makullin, a rubuta sunansa a jikin littafin da zai riƙa shigar da ranar da ya canza mai.